Kwana huɗu a kan delko ɗaya, ga abin da na gani a garejin tsohon nan

Jama'a tun ranar da na iso fada, majalisarmu ta hira, da tsohuwar Toyotar nan tana tafiya da ƙafarta ba turi ba ja, mutane ke ta tambayata wai wa ya tada ta, wasu har da kira cikin dare, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ni ma in huta. Sunan mai garejin ba zan sa ba, don ban nemi izininshi ba, kuma in dai na fahimci halinshi daidai ko na nema cewa zai yi in bar shi ya ji da abin da ke gabanshi. Baba kowa ke ce mishi, ni ma Baba zan ce. Wanda ke son zuwa ya same ni a fada bayan isha'i in kwatanta mishi.

Motar ta marigayi baffana ce, Land Cruiser FJ45 mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 1978, moter 2F, silinda 6 a jere, lita 4.2, esansi, wato fetur, take sha ba gazuwal ba. Da ita ya yi jigilar gero da wake tsakanin Damagaram da Tanut da Gure shekara da shekaru, ni kaina a bayanta na fara sanin mene ne tafiyar rairayi ina yaro, a kan buhu, ido cike da ƙura. Da Allah Ya yi mishi rasuwa sai aka tura ta bayan gida a Birni aka rufe da wani yagaggen tanti, ta yi damina shida a nan, awaki na kwana ƙarƙashinta kaji na ƙwai a kan kujera. Da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ce a ba ni.

Abin mamaki tashinta bai yi wuya ba, mun sa batiri, mun wanke tanki da karbirater, mun canza buji, ta yi tari sau uku ta kama. Amma tafiyar ce babu. Ka taka mata wuta ta yi nishi kamar tsohon jaki, allurar zafi na hawa tun ba ka bar unguwa ba, in ka ɗaga ƙafa ta yi harbi ta bututun hayaƙi har yara su watse, esansi kuwa kamar ana zubarwa a ƙasa. Duk wanda ya ji ƙararta sai ya ce wutarta ta makara, a juya delko, mai raba wuta, kaɗan a gyara abans, wato lokacin tashin wutar, shi ke nan. Aikin minti goma ne a kowace mota, ka sassauta ƙusa ɗaya, ka murɗa da hannu, ka ɗaure. Mun sassauta ƙusar, mun ma cire ta gaba ɗaya mun ajiye, delko ya ce bai san zancen ba, ko gezau, kamar tare aka zuba su da moter ɗin a Japan.

Don 'yan'uwanmu na Kano da Daura da za su ga wannan, delko shi ne abin da kuke ce wa distributo, mai raba wuta zuwa pulogi, mu buji muke cewa. Sunan ma na wani kamfani ne na Amurka, Delco, da aka kafa a 1909, su suka yaɗa kunna mota da wutar batiri, sai Faransawa suka riƙe sunan ya zama na kowane irinshi, mu kuma muka gada daga bakinsu, kamar dai yadda kowane garin sabulu Omo ne a wurinmu. Wanda ke cikin motata Nippondenso ne amma ka je kasuwa ka ce Nippondenso ka gani ko wani zai gane ka.

Garejin farko da na kai ta ba zan faɗi inda yake ba, yara ne matasa, suna da fara'a, sun iya Hilux da Corolla wannan ba a ƙwace musu ba, amma da suka buɗe kapo suka ga babu inda za su soka na'urarsu sai kallon-kallo. Babbansu ya kama kapsul ɗin nan na gefen delko, mai kama da ƙaramin faifai da siririn tiyo ke shiga, wanda ke gyara lokacin wuta da zuƙar iskar moter, ya mai da shi abin riƙo ya murɗa da dukan ƙarfinshi, na ji ƙas, kapsul ya lanƙwashe delko na nan inda yake. Sai ya aika a kawo guduma da wani dogon ƙarfe wai zai sa a ƙarƙashi ya ɓanɓaro shi. Nan cikina ya ɗuri ruwa na ce malam dakata, in ya fashe fa, ya ce ai sai a sayo wani. A ina? Ya ce Kano. Na ce na gode, na biya kuɗin ɓarnar da aka yi mini, don a garin nan ko ɓata maka abu aka yi sai ka ba da na ruwa, na ja motata.

Wani tsohon direba da ya yi zamani da baffana shi ya ce in kai wa Baba. Wurin ba alama ba allo, bedi ɗaya ce, iccen dogon yaro, da rumfar kwano da ta ga duniya, gawarwakin Fijo 504 biyu da wata Land Rover da ciyawa ta tsiro a cikinta, da yaran koyo uku. Na yi sallama na gaida shi, ya amsa bai ɗago ba. Da ya gama abin da yake yi ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallon kapsul ɗin da aka lanƙwasa, sai ya ce, "Ɗana, wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?" Na ce Baba a bar kaza cikin gashinta. Ya sa yatsa ya shafo gindin delko inda ya shiga cikin moter, ya nuna mini wani farin gari kamar kanwa a yatsanshi, ya ce ka ga abin da ya riƙe shi nan, ka bar ta, ka dawo bayan kwana uku ko huɗu. Na ce Baba kwana huɗu a kan ƙusa ɗaya? Ya ce in sauri kake ga hanya nan, masu guduma ba su ƙare ba.

Gaskiya raina ya ɓaci, amma ban da zaɓi, kuma tunda ina hutu a wurin aiki sai na ce ba inda za ni, zan zauna in ga wannan abin da zai ci kwana huɗu. To zaman nan shi ya sa nake da abin faɗa yau.

Ranar farko bai ko gwada murɗa shi ba. Ya sa yaro ya wanke wajen da kananzir da tsohon buroshin haƙori har ƙarfe ya fito, ya cire hular delko da wayoyinta a haɗe ya rataye gefe, ya juya moter da hannu har silinda ta 1 ta zo sama lokacin matsi, ya kira ni ya nuna mini wata 'yar taga a jikin kaskon ambireyaj, wato kuloci, kusa da demarer mai tada mota, ta nan ake hango bolan, babban faifan ƙarfen da ke bayan moter, yana wucewa, akwai layi ɗaya da ke nuna fistan ya kai ƙarshen sama, akwai kuma wani ɗan ƙwallon ƙarfe da aka dasa wanda ke nuna digiri 7 kafin ya kai, a nan ne wutar 2F ya kamata ta tashi. Shekara nawa ina shiga motar nan ban taɓa sanin akwai wannan tagar ba. Sannan ya ɗauki ƙusa mai tsini ya ja layi daga jikin delko zuwa jikin moter, ya kuma yi alama inda bakin rotor, ɗan hannun da ke juyawa cikin delko yana raba wutar, ke kallo. Na ce Baba abin da bai motsa ba ake wa alama? Ya ce ranar da zai motsa ba zai yi maka sallama ba.

Abin da ya burge ni a ranar shi ne laka. Ya aiki yaro ya ɗebo yumɓu ya kwaɓa, ya gina ɗan kewaye a gindin delko kamar yadda mata ke yi wa shuka don ruwa ya tsaya, sai ya haɗa jan man nan na bwat otomatik, wato giyar otomatik, da aseton rabi da rabi a gwangwanin tumatir ya kaɗa ya zuba a ciki ya zama 'yar tafki, ya rufe da leda don aseton gudun iska gare shi. Ni kuwa na zo da gwangwanin WD-40 sabo fil da na saya da tsada ina ji da kaina, ya karɓa ya jujjuya ya ce ba laifi, amma feshi ne, ka fesa ya gangare ƙasa cikin minti ɗaya, abin da ya yi shekara shida yana kamawa so yake mai ya kwana a kanshi. Bayan haka ya ɗauko guntun icce mai tauri ya ɗora a kafaɗar gindin, wajen da ƙarfen ke da kauri, yana bugun iccen da ƙaramar guduma a hankali, tak tak tak, yana zagayawa, ba bugun cirewa ba, bugun girgiza, don man ya samu hanyar sauka. Minti biyar ya ajiye ya koma kan wata mota. Aikin ranar ke nan wallahi, na koma gida a kabu-kabu ina ƙunƙuni.

Washegari ne da ya ga na sake zuwa har da kawo shayi da sukari bakinshi ya ɗan buɗe. Ya ce jikin delko alminiyom ne, irin na tukunya, shi kuwa moter baƙin ƙarfe ne na zubi, to waɗannan biyun in suna manne da juna kuma damshi ya shiga tsakani, alminiyom ne ke ciwuwa, ya zama wannan farin garin, garin kuma ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya cika 'yar tazarar da ke tsakani ya matse kamar siminti. Ƙara da tsohon mai da ya daskare ya zama kamar ƙaro, da robar da ke wuyan da ta bushe ta zama dutse. Damshin kuwa ba daga nesa ya zo ba, tantin da muka rufa mata ne ke tara ruwan Agusta yana ɗiga ta bakin kapo, ga kuma ni da na zo da wayona na wanke moter da tiyo ranar da muka tada ta. Wannan ban faɗa mishi ba.

Na ce to me zai hana a sa mishi wutar masu walda ya saki? Nan ya yi mini kallon da malamin allo ke yi wa ɗalibin da ya karanta baƙi a juye. Ya ce na ɗaya, ga pampon esansi nan a gefe ɗaya da delko, tazarar ba ta kai kamu biyu ba, kana so mu ƙone bedin mutane. Na biyu, alminiyom in ya ji zafi ya fi baƙin ƙarfe kumbura wajen ninki biyu, ka gasa delko ka ƙara matse shi a raminshi ke nan. Na uku shi ne mugun, alminiyom ba ya ja kamar ƙarfe balle ka san ya kusa, yana nan fari fari sai kawai ka ga ya zube. Daga baya na duba, a digiri 660 yake narkewa, wutar walda kuwa ta ninka haka nesa ba kusa ba. Ga roba da 'yan sifirin a ciki da ba su son wuta ko kaɗan.

Dabararshi ita ce ya mai da hula ya tada motar ta yi ta aiki a tsaye har moter ya yi zafi sosai ramin ya ɗan buɗe, ya kashe, ya cire kan batiri, sai ya aiki yaro gidan da ake sai da ƙanƙara ya sayo ƙulli huɗu, ya naɗe su a tsumma cikin leda ya ɗaure a wuyan delko. Moter na zafi, delko na sanyi yana tsukewa, kuma tunda shi ya fi saurin kumbura shi ya fi saurin tsukewa, wannan ja-in-jar ce ke farfasa farin garin. Sai ya sake cika tafkin lakarshi, don laka na tsagewa da zafi kullum sai an sake gini, ya yi tak tak ɗinshi, ya tafi salla. Sau uku aka yi haka a ranar, safe, bayan azahar, da gab da magariba. Masu wucewa na tsayawa suna dariya wai mota ta yi zazzaɓi ana sa mata ƙanƙara.

Abin murɗawarshi ma tsohon bel ɗin fanka ne, ya naɗa shi sau biyu a jikin delko can ƙasa kusa da gindi, ya soka guntun bututu ya murɗe har ya kama, ya zama kamar kilen cire filtar mai. Ya ce haƙoran pansi, wato filaya, tauna alminiyom suke, in kuma ka kama daga sama inda yake kamar kofi to matse shi za ka yi ya zama ƙwai, hula ba za ta sake zama ba. Kuma ba ya yarda a ja sama ko a sa ƙarfe a ɓanɓara, murɗawa kawai, dama kaɗan hagu kaɗan, da ƙarfin hannu ɗaya. Yaronshi babba ya so ya ƙara dogon bututu don ƙarfi ya ƙaru, ya sha zagi har na ji tausayinshi.

Rana ta biyu ta wuce ba labari. Na fara tunanin ko tsohon nan wasa yake da hankalina, har na kira wani abokina da ke zuwa Kano ta Matamaye da Daura na ce in ya shiga Ƙofar Ruwa ya tambaya mini delkon 2F ko na hannu ne.

Rana ta uku wajen la'asar ina zuba shayi na biyu sai na ji ya ce, "Ɗana, zo." Ya nuna mini layin nan da ya ja da ƙusa, ya rabu, na jikin delko ya goce daga na jikin moter da kamar kaurin farce. Ni ban ji ƙara ba ban ga komai ba, in ba don layin ba da ba wanda zai san ya motsa, sai a lokacin na gane amfanin alamar ba don mayarwa kaɗai ba ne. Na ce Alhamdu lillahi Baba a fizge shi mana! Ya ce kai dai ba ka ji. Ya mai da shi baya, ya kawo gaba, ya mai da baya, kowane zuwa yana ɗan ƙara nisa, man tafkin da yake ja ya fara komawa toka-toka yana kumfa, alamar yana shiga yana fito da datti. Ya yi haka kusan rabin awa har delko na juyawa kamar faɗin yatsa biyu, sai ya share ya zuba sabon mai ya ce gobe. Wallahi kamar in yi kuka.

Ranar ta huɗu da hantsi ya fito, ba wani abin kallo, ya sake kawo moter kan alamar bolan, ya share lakar tas ya wanke wajen don kada ko ƙwayar ƙasa ta faɗa ciki, yana murɗawa yana ɗagawa da tafin hannu, a hankali a hankali sai ga shi a hannunshi, dogo da giya a ƙasa. Lokacin da yake fitowa rotor ya ɗan juya da kanshi, ya ce in lura, haƙoran giyar a karkace suke shi ya sa, ya yi alama ta biyu inda rotor ya tsaya, don wajen mayarwa daga nan za a fara in ana so ya sauka kan alamar farko. Nan take ya cusa tsumma mai tsabta a ramin. Wuyan delkon kuwa abin tausayi, fari fat da ƙuraje kamar wanda ya yi ƙyanda, robar ta karye gida uku da ya taɓa ta.

Da ya buɗe cikinshi ne aka ga asalin ciwon motar. A ƙarƙashin farantin bis platine, 'yan bakunan nan da ke buɗewa da rufewa su yanke wuta, akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin ke riƙe da su, in moter ya ƙara gudu sai su buɗe su sa wuta ta riƙa tashi da wuri, to nawa tsatsa ta kama su ƙam ba sa buɗewa, shi ya sa a tsaye motar ke aiki lafiya amma da ka taka ta mutu a hannunka. Ke nan ko da yaran farko sun yi sa'a sun murɗa delkon daga waje da ba a yi komai ba, sai an fito da shi. Ya jiƙa su ya goge ya sa musu ɗan maiƙo, ya goge wuyan da takardar yashi mai laushi, ya share ramin da tsumma a kan sanda yana jawo dattin sama, ya sa sabuwar roba, ya shafa siririn giris mai ruwan jan ƙarfe a wuyan don kada a sake wannan wahalar, ya canza bis platine da kondansater ya auna tazarar da ma'auninshi 0.45 na milimita, ya ɗiga mai ɗigo biyu a 'yar audugar da ke ƙarƙashin rotor, wadda ya ce rabin masu mota ba su san tana nan ba.

Ga inda nake so masu irin wannan motar su buɗe kunne, don shi kanshi ya maimaita mini sau biyu. A 2F ƙarshen sandar delko kamar bakin turnabis, wato sukudireba, yake, kuma shi ke shiga tsagar pampon mai ya juya shi. In ka mai da delko bai zauna har ƙasa ba, giyar za ta kama, mota za ta tashi lafiya lau ka yi ta murna, alhali pampon mai ba ya juyawa, kafin ka ankara moter ya ƙone. Namu ma da ya sa shi ya tsaya saura kaɗan, bai danna ba bai buga ba, ya fito da shi ya zura dogon turnabis cikin ramin ya ɗan juya tsagar pampon, ya sake sawa, sai da ya yi sau uku kafin ya ji ya zauna daram ba tazara. Da aka tada kuwa bai kalli moter ba, ni ya sa a kujera ya ce idona a kan allurar mai, in ba ta tashi ba kafin in ƙirga goma in kashe. Ta tashi. Sannan aka yi bidanj, wato canjin man moter, wajen lita 8 ta sha da sabon filta, saboda jan man nan da aseton da dattin da suka gangara ciki.

Amma fa tashin farko ba daɗi, tana rawa tana tari, na ce shi ke nan an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ashe yaron da aka sa ya goge wayoyin buji ne ya cire su ya musanya biyu. Baba ya bi su da yatsa yana karantawa da Faransanci kamar mai jan carbi, 1-5-3-6-2-4, ya kama ɓarawon, ya gyara, ya saita wuta a kan ƙwallon nan na digiri 7, moter ya kwantar da murya har kana jin iskar karbirater. Mun fita gwaji hanyar Mirya, kilomita 18, da ni da shi, ta ɗauki giya ta huɗu tana neman ƙari, allurar zafi ta tsaya a tsakiya ba ta ƙara ba, ba harbi ba nishi. Bai ce komai ba duk tafiyar sai da muka juyo ya ce burkinka na ja hagu.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don kada a ce an biya ni. Baba ba ya ɗaukar waya, tana aljihunshi tana ruri yana jinta, in kana son labarin motarka sai ka tako. Ba ya faɗin kuɗi tun farko, na tambaya sau uku yana cewa bari mu ga abin da Allah zai yi, wannan kuwa yana da ɗaure kai in aljihunka ba nauyi. Takardar shaida babu, wurin zama benci ɗaya ne, inuwar bedin kuma da rana ta karkata ta koma gidan maƙwabta sai ka bi ta. Yaranshi ba su kai shi kula ba ko kusa, ban da wayoyin da suka musanya sun bar mini tambarin hannu na baƙin mai a kujera har yau bai fita ba, kuma ɗaya daga maƙallan hular delko ya ɓata a cikin rairayi sai da aka ciro na wata gawa aka lanƙwasa ya yi daidai. Ka tsaya a kansu in ba ya kusa. Kuma yana da faɗa, in kai mai saurin fushi ne ko mai son a ce maka ranka ya daɗe, za ku ɓata tun ranar farko. Mai sabuwar mota ta lantarki da kwamfuta ma kada ya wahalar da kanshi, da idona na ga ya mai da wata V8 tun daga bakin hanya, ya ce ba ya taɓa abin da bai sani ba.

Kuɗin hannunshi jika 15 na sefa ya ce, ban da kayan da na saya da kaina, mai da filta da bis platine da roba da ƙanƙara. Na yi niyyar tayawa don al'ada, sai na tuna abokina ya kira daga Kano ya ce ya samu delko ɗaya na hannu, kuɗin da suka faɗa in an juya naira zuwa sefa ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba wanda zai rantse maka cikinshi ya fi nawa lafiya. Na miƙa ban ce uffan ba, na ƙara wa yaran na abinci duk da kujerata.

Kapsul ɗin da aka lanƙwasa ne bai gyaru ba, ya tsotsi tiyon da baki ya ce fatar ciki ta yage ba ta riƙe iska, ya toshe tiyon na wucin gadi, ya ce mota za ta yi tafiya amma za ta ɗan fi shan esansi in ana tafiyar sannu a kan kwalta har sai an samu wani. Na sa abokin nawa ya bar zancen delko ya nemo kapsul kaɗai, in kuma akwai wanda ke da gawar 2F a bayan gida a nan Damagaram ko Magarya ko Tanut don Allah ya yi mini magana, ko delkon ya kama kada ya taɓa shi da guduma, zan zo da kaina. Ranar Asabar zan mai da ta wurin Baba saboda burkin, na riga na sayi sukari.